Mai Tuta a Garin da Babu Dogo

Garinmu Matameye babu jirgin ƙasa, ba a kuma taɓa yi ba. Amma a gidanmu da zancen jirgi muka tashi, don Inna, mahaifiyata, a bakin dogo aka haife ta.

Kakana na wajen uwa mutumin wani ƙauye ne kusa da Icirnawa, nan yankinmu. Wata shekara da gero bai yi ba ya tafi cin rani ƙasar Kano, ya tarar ana ɗibar leburori don shimfiɗa ƙaramin layin nan da ya tashi daga Kano ya yi gabas zuwa Nguru. Ya shiga cikinsu. Da aiki ya ƙare kowa ya kama hanyar gida, shi kuwa aka riƙe shi cikin masu duba dogo, aka ajiye shi a wata ƴar tasha da ke tsakiyar gonaki. Can ya yi aure, can ya tsufa. Ƴaƴansa biyu ne suka rayu, Kawu shi ne babba, sai Inna. Babana kuwa fataucin fata yake yi daga Matameye. Sau uku yana sauka gidan kakana a matsayin ɗan gida ɗaya, a na huɗu ya zo da goro. Haka Inna ta dawo ƙasar ubanta, ƙasar da ba ta taɓa gani ba, Kawu kuma ya gaji aikin dogo.

Tun ina ƙarama, duk shekara in aka yi babban hutun lakkwal, wato makarantar boko, Inna takan ɗauke ni mu je ganin gida. Mu hau kamyo, babbar motar kaya, mu ƙetare iyaka ta Ɗan Barto, mu bi ta Daura, mu kwana Kano gidan wata ƴar uwa, da safe mu shiga jirgi. Kujerun katako ne, masu sa ƙugu ya yi tsami. Akwai mata da ƙwarya, akwai kaji a ƙarƙashin kujera, akwai mai tallar magani da ba ya gajiya. Inna wadda a Matameye ba ta cika magana ba, da zarar jirgi ya motsa sai bakinta ya buɗe. Ta san sunan kowace tasha, ta san inda ake sayar da fura mai kyau da inda ake cika ta da ruwa. Tun kafin mu iso tasharsu take miƙewa tsaye, ta gyara lulluɓi, ta kama bakin taga.

Aikin Kawu shi ne ya ja ƙarfen da ke juya dogo, ya ba jirgi hanya, sannan ya ɗaga tuta. Tutoci biyu ne, ja da koriya. Muna isowa za mu hango shi tsaye cikin kaki, ƙafafu a haɗe. Inna ta leƙa ta ƙwala masa kira, “Yaya! Yaya!” Ko waiwayowa ba ya yi. Mu sauka da kayanmu, mu tsaya a gefe kamar baƙin wani. Sai jirgi ya tashi, taragon ƙarshe ya wuce, ya naɗe tutocinsa ya sa a hammata, sannan ya juyo fuska cike da dariya ya ce, “Auta, ashe ke ce ke ta ihu?”

Jirgin ba ya wuce minti goma a tashar, amma da minti goman nan garin ke rayuwa. Matar Kawu tuwo take kawowa da miyar kuka, wasu dafaffiyar gyaɗa, wasu ƙwai, wasu ruwan randa. Wasiƙa ta jirgi take zuwa, gishiri da kananzir ta jirgi, amarya ta jirgi, labarin mutuwa ma ta jirgi. In ya tafi sai gari ya yi tsit, ka ji kukan kurciya.

Ban ga lalacewar layin da idona rana ɗaya ba. A hankali ta zo. Da farko jirgi kullum ne, ya koma sau biyu a mako, ya koma sau ɗaya. Akwai shekarar da muka kwana biyu a tashar Kano muna jira, a rana ta uku Inna ta ɗaure kayanta, muka nemi mota. Motar ta ajiye mu a bakin kwalta, muka ƙarasa da amalanken shanu, don da aka zo yin kwaltar nesa da tashar aka bi da ita. Daga nan na girma, na zama malamar lakkwal, na yi aure, aka yi ta yawo da ni daga wannan ƙauye zuwa wancan kafin a dawo da ni Matameye. Zuwa ya yi wuya. Matar Kawu ta rasu, muka je gaisuwa muka dawo. Ƴaƴansa maza biyu suka yi kudu neman abinci, sai dai aike. Shi kuma aka sallame shi daga aiki, ya mayar da kaki da tutoci. Muka ji labari wai ya sa tela ya ɗinka masa wasu tutocin, kuma kullum da safe yana share tashar kamar yadda ya saba.

Wata rana da hantsi, ina tsakiyar darasi, aka kira ni ta salula. Ɗan maƙwabciyar Kawu ne. Ya ce idon tsoho ya rufe, yana ta ci gaba da shara da lalube, shekaranjiya ya zame daga kan dakalin tasha ya faɗa kan dogo, goshinsa ya fashe. Da na koma gida na gaya wa Inna. A lokacin babana ya riga ya rasu, ita kuma gwiwa ta hana ta ko zuwa kasuwar Juma'a. Ta dube ni ta ce, “Je ki ɗauko mini shi.”

“In ya ƙi fa, Inna?”

“Zai ƙi. Ki san abin da za ki faɗa masa.”

Na same shi zaune a ƙofar ɗakinsa, goshi ɗaure da tsumma, idanu fari fat kamar an zuba nono. Da na yi sallama ya gane muryata nan take.

“Malama ce? Ina Auta?”

“Tana gida, Kawu. Ƙafa ce ta hana ta. Ita ta aiko ni in tafi da kai.”

“In tafi ina?”

“Matameye.”

Ya yi dariya. “In je garin da ko usur ba a taɓa ji ba? To wa zai kula da tasha?”

Na dubi tashar. Rufin kwanon ya tafi rabi, ƙofar ofis babu, awaki kwance a inda ake sayar da tikiti. Amma dakalin fes yake, ko tsinke babu. Na ce, “Kawu, yaushe rabon jirgi da nan?”

“Ya kwana biyu. Amma ba a ce an rufe layi ba. Ni dai ba wanda ya kawo mini takarda. Ran da zai zo ba sallama zai yi ba.”

Kwana biyu ina lallashinsa. Maƙwabciyar tasa, wata tsohuwa da ke aiko masa da tuwo tun rasuwar matarsa, ta sa baki, bai ji ba. A ƙarshe na faɗi abin da na san zai karɓa. Na ce a Damagaram akwai likita da ke cire yanar ido, mutane da dama sun warke. In an yi masa aiki ido ya buɗe, ni da kaina zan dawo da shi.

“Da kanki?”

“Da kaina, Kawu.”

“Alkawari kaya ne, Malama.”

“Na ɗauka.”

Har yau ban san ko ƙarya na yi masa a ranar ba. Ina jin rabin zuciyata ta yarda da abin da bakina ke faɗi. Ya bar wa tsohuwar awakinsa uku ta riƙe masa, ya rufe ɗaki, ya zagaya gari da sandarsa yana ce wa kowa wata ɗaya zai yi, in ya daɗe biyu.

Aikin ya yi kyau a ido ɗaya, ɗayan likita ya ce ya riga ya mutu. Ranar da aka kwance bandeji muka dawo Matameye, Inna na zaune a tsakar gida kan tabarma. Kawu ya tsaya ya ƙura mata idon nan guda, ya daɗe, sannan ya ce, “Auta, ashe kin tsufa haka?” Inna ta ce, “Kai ma da za a ba ka madubi da ba ka yi magana ba.” Suka yi ta dariya har Inna ta fara share hawaye. Ban taɓa ganin ta cikin farin ciki irin na watan nan ba. Da kanta take dama masa fura, ta hana kowa taɓawa.

Da wata ya cika ya ce, “To, Malama, yaushe za mu kama hanya?”

Kafin in buɗe baki Inna ta ce, “Haba Yaya, damina ta kawo kai. Bari ruwa ya ɗauke.”

Da ruwa ya ɗauke aka koma lakkwal, na ce ya bari a yi hutu. Da aka yi hutu likita ya ce a dawo da shi a duba idon. Daga nan azumi, daga nan Salla, daga nan jarrabawar yara. Kowane dalili gaskiya ne, ba wanda na ƙirƙira. Amma duk lokacin da na samu dalili sai in ji sanyi a raina, shi ya sa na san ba ni da gaskiya. Inna kuwa ba ta ɓoye mini ba. Ta ce, “In kika mayar da shi, a bakin dogon nan zai mutu shi kaɗai, sai ungulu ta gaya wa mutane.”

A ƙofar gidanmu akwai darbejiya inda dattawan unguwa ke zama bayan la'asar. Nan Kawu ya samu wuri. Ba su jima ba suka raɗa masa Mai Tuta. Da yawansu ba su taɓa hawa jirgi ba, sai ya zama shi ne mai ba da labari. Ina jin su daga zaure ina gyaran takardun yara. Ya gaya musu yadda ubansa da mutum bakwai ke ɗaukar ƙarfen dogo ɗaya a kafaɗa, da waƙa, in mutum ɗaya ya saɓa taki duk sai sun ji a wuyansu. Ya gaya musu zamanin kan jirgi mai cin kwal, da matan gari ke bin direba da ƙwarya ya tsiyaya musu ruwan zafi. Ya gaya musu shekarun gyaɗa, lokacin da buhuna ke taruwa a tasha har su fi rufin ofis tsawo, da taragon shanu, da taragon fata. Ya ce har gyaɗar ƙasar nan tamu, ta Kance da Matameye, a Kano take hawa jirgi ta tafi bakin teku. Sannan gyaɗa ta yi ciwo, sannan kwalta ta zo.

Cikin dattawan akwai wani Alhaji, tsohon direban kamyo, mai son tsokana. Wata rana ya ce, “Mai Tuta, ka yi haƙuri, mu ne muka kashe jirginku. Kai sai an kawo maka kaya tasha, ni kuwa har ƙofar gida nake kaiwa.”

Kawu ya ce, “Alhaji, bai mutu ba.”

“To ina yake?”

“Yana jinya.”

Aka yi dariya. Kawu bai yi ba. Ya ce, “Kai in ka wuce gari ƙura kake bar musu. Mu gari muke haifarwa. Tasharmu kafin dogo ko bukka babu.” Alhaji ya ce, “Yanzu fa?” Kawu ya kau da kai. Daga baya Alhajin nan shi ya fi kowa shaƙuwa da shi, kullum sai ya zo masa da rake daga lambunsa, ya fere masa da hannunsa saboda haƙori.

A shekara ta biyu ya daina tambaya. Na ɗauka ya haƙura ne. Sai wata safiya bayan sallar asuba bai dawo daga masallaci ba. Muka duba gidan Alhaji, muka duba tashar mota, muka duba kasuwa. Inna ta fito har ƙofar gida da rarrafe. Sai wajen azahar wani mai amalanken jaki ya kawo shi, zaune kan damin rake. Ya ce a hanyar Ɗan Barto ya tsince shi, ya yi nisa ƙwarai, yana zaune gindin gawo ƙafa ta kumbura, ga ƙullin kayansa a gefe.

Na shigar da shi ɗaki, na kawo ruwan ɗumi ina gasa masa ƙafa. Raina a ɓace yake, tsoro kuma bai sake ni ba. Na ce, “Kawu, me muka yi maka? Da wani abu ya same ka fa?”

Ya ce, “Ba gudu na yi ba, Malama. Na ga aiki ya yi miki yawa ne, na ce bari in rage miki hanya.”

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na sunkuyar da kai ina matsa tsumma, hawaye na zuba cikin ruwan. A ranar na shiga wajen Inna na ce mata hutu mai zuwa zan mayar da shi, ko da mako biyu ne ya yi ya ga ɗakinsa, in ya yarda mu dawo tare. Ta juya mini baya, kwana uku ba ta amsa gaisuwata da kyau ba. Amma na tsaya a kan maganata. Na gaya wa Kawu rana. Ya sa aka wanke masa riguna, ya je ya yi wa dattawan darbejiya sallama tun saura mako uku.

Saura kwana tara aka rufe iyaka.

Masu ƙarfi ba su fasa wucewa ba, ta daji suke bi a kan babur, cikin yashi, a guje. Na je na tambaya, mai babur ya dubi Kawu ya ce, “Madam, tsohon nan ba zai kai ba.” Gaskiya ya faɗa. Muka ce a jira a buɗe, kowa na cewa yau ko gobe. Wannan karon ba ni na kawo dalilin ba, amma ban ji sanyin komai ba.

Da sanyi ya shigo tari ya kama shi. Muka kai shi likita, aka ba da magani, ya ɗan yi sauƙi, ya sake komawa. Ran nan da la'asar ina ba shi kunu ya riƙe mini hannu ya ce, “In an buɗe hanya ki je.”

“Tare za mu je, Kawu.”

“Ki ji abin da nake faɗa miki. Na ce musu wata biyu zan yi. Ki je ki gaya musu su daina jira. Awakin nan, tsohuwa ta riƙe, nata ne, ta sha wahalarsu. Ɗakin kuma in akwai mai so a ba shi, kada ya faɗi a banza.”

Na ce to. Na so in roƙe shi gafara, ban roƙa ba. Shi kuma bai ta da zancen alkawari ba, ko sau ɗaya. Bayan kwana huɗu ya cika, da hantsi, kansa a kan cinyar Inna. Aka rufe shi a maƙabartar Matameye. Alhaji ne ya shiga kabari ya karɓe shi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Da aka buɗe iyaka na tafi ni kaɗai. Labarin rasuwar ya riga ni zuwa ta salula, amma saƙo saƙo ne. Na tarar ɗakin Kawu bango ɗaya ya zube. Yashi ya hau dakalin tasha, tumfafiya ta fito a tsakanin ƙarafa, wani ma ya shuka wake har bakin dogo. Tsohuwar na nan, ta ƙara ranƙwafawa. Awaki uku sun zama bakwai. Na isar mata da saƙo, ta yi kuka, ta yi masa addu'a. Muka zauna a inuwar zana ta kawo mini ruwa.

Can ta ce, “Kin san kuwa ya zo?”

“Wa?”

“Jirgi.”

Na ajiye kwanon ruwan.

Ta ce, “Sau ɗaya. Da bazara, shekarar da ta biyo bayan tafiyarku. Muna zaune muka ji usur daga yamma, muka ɗauka kunne ne. Kan jirgi ɗaya da tarago biyu, yana tafiya kamar mai ciwon ƙafa, wasu mutane masu huluna suna leƙe ta taga suna rubutu. Da ya zo nan ya tsaya, yashi ya rufe dogo. Duk gari aka fito da fartanya da kwano aka yi ta kwasa. Yara da ba su taɓa ganin jirgi ba wasu suka ruga gida da kuka. Ƙarfen juya hanya ya ƙi motsi, samari huɗu suka taru a kansa, ba wanda ya san ta inda ake kama shi. Kowa sai cewa yake, ina ma Mai Tuta na nan. Direban ma ya tambaya, ya ce da akwai wani dattijo a tashar nan.”

“Ya sake dawowa?”

“Ya koma ta nan bayan kwana biyu, bai tsaya ba. Shi ke nan.”

Na yi lissafi a zuciyata. Bazarar nan ita ce lokacin da na ce masa ya bari yara su gama jarrabawa.

A hanyar dawowa na yi ta shawara ko in gaya wa Inna ko in bar shi a cikina. Na iso Matameye da yamma, na same ta a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Ta tambayi tsohuwa, ta tambayi awaki, ta tambayi kabarin iyayenta. Na amsa. Sai ta dube ni ta ce, “Akwai saura. Faɗi.”

Na faɗa mata duka, har tambayar da direba ya yi.

Ta daina tsince waken. Sannan ta ce, “Ni na ce ki ɗauko shi. Ni na hana ki mayar da shi. Kada ki ɗora wa kanki.”

“Ni na yi masa alkawari, Inna.”

“Shekara biyu da wata bakwai ina ganin yayana kullum da safe. Da za a mayar da ni baya, abin da na yi shi zan sake yi.” Ta ture faifan gefe. “Amma da ya ga jirgin nan.”

Ta ja bakin zanenta ta rufe fuska. Na matsa kusa da ita na zauna. Muna nan zaune har aka kira magariba, sannan ta ce in miƙo mata buta.